Azumin da Cikin Yaya Hamza Ya Huje

Binta da Sani, wannan babin naku ne, ko da yake sauran 'ya'yana ma za su karanta. A hannuna kuka tashi kuna ce mini Baba, kuma tun kuna ƙanana kuka san abin da ake faɗa a gidanmu na Kibiya game da mutuwar mahaifinku, yayana Hamza: wai mahaifiyarku Asabe ce ta zuba masa sammu a kunu. Ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku haka ɓaro-ɓaro. A bakin rijiya kuka tsinta, da wajen biki, da irin shirun da ake yi idan an ambaci sunanta. To ƙarya ne. Ni kaɗai na shiga da shi asibiti, ni kaɗai likita ya yi wa bayani, ni ne kuma na dawo gida na kama bakina. Yanzu idona ya fara dushewa, hannuna yana rawa, in ban rubuta bana ba, ban san ko zan iya baɗi ba.

Mahaifinku magini ne. Da damina yana noma tare da ni a gandun da mahaifinmu ya bar mana, da rani kuma yana kan katangar mutane daga hantsi har rana ta faɗi. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana, idan ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar mai jin kunya. Ya girme ni da shekara bakwai, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uban gidan. Ni kuwa na ɗan shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karanta boko, sai na ga noma kaɗai bai isa mutum irina ba. Na sayi keke da akwatin katako, ina zuwa birni ina saro magunguna a kantuna, ina bin kasuwar Kibiya da ta Rano ina sayarwa. Ban taɓa zama gaban wani ya koya mini aikin magani ba. Abin da mai kanti ya faɗa mini shi nake maimaitawa, in ƙara da nawa. Amma mutane suka laƙaba mini Likita, har sunana Garba ya kusa ɓacewa, ni kuma sunan ya shiga kaina. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, idan baƙuwa ta zo sai ta nuna ni ta ce, ga ɗana mai ilimin Turawa.

Ciwon cikin Yaya Hamza ya daɗe, ya fi shekara huɗu. Idan yunwa ta kama shi sai ka ga ya dafe ƙahon zuciyarsa ya tsuguna a gindin katanga, ya ce kamar an ajiye masa garwashi a ciki. In ya sha nono ko ya ɗan sa wani abu a baki sai ya lafa. Kullum akwai gutsuren kanwa a aljihunsa, yana tsotsa. Ga shi da shan sigari, wannan na mutuwa yana kunna wani da wutarsa, ga goro a baki tun safe ba tare da ya karya kumallo ba. Ban da ciki kuma akwai ciwon baya, na ɗaukar ƙasa da tubali. Saboda bayan ne na fara ba shi ƙwayar asfirin. Ranar da ya fara sha ya dawo yana murna, ya ce ashe haka jikin masu lafiya yake. Daga biyu a rana ya koma huɗu, daga huɗu ya koma ba ya ƙirgawa, kuma yawanci ciki ba komai yake haɗiyewa kafin ya hau gini. Ni nake cika masa aljihu. Ina jin daɗi a ce yayana ma da maganina yake aiki.

Wata rana bayan girbi ya ja ni bayan rumbu, ya rage murya.

"Garba, kwana uku ke nan bayan gidana baƙi ƙirin, kamar kwalta. Ga wari. Kuma in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni."

"Basir ne, Yaya," na ce masa, ko tunani ban tsaya yi ba. "Ka rage tsami kawai."

"To ƙwayar fa? Na ga kamar in na sha ta cikin ya fi zafi."

"Aiki take yi. Magani in yana aiki dole a ji shi."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Ya yarda da ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Mahaifiyarku 'yar Yalwa ce ta ƙasar Rano. Gajera ce, mai hanzari, ba ta iya zama hannu sake ba. Ita ce kaɗai a gidan ta lura da abin da ke tayar masa da ciwon. Ta daina zuba masa barkono a miya, ta riƙa ajiye masa nono a ƙwarya, tana bin sa har zaure da ɗumame da safe tana cewa ya ci ko loma biyu ce. Inna ba ta ga haka a matsayin kulawa ba. Ita dai a wurinta namiji da yaji yake cin tuwo, kuma duk macen da ta ware wa mijinta tukunya daban, akwai abin da take ɓoyewa. Ba wai sun tsani juna ba ne, amma jininsu bai taɓa haɗuwa ba. Sai kuma mahaifiyar Asabe ta aiko mata da wani garin sassaƙe daga Yalwa, na ciwon ciki, ta ce a riƙa barbaɗa masa a kunu. Da yake Yaya ba ya son maganin gargajiya tun da na cika masa kunne da na Turawa, sai take zuba masa ba tare da ta faɗa ba. Inna ta gan ta sau biyu tana kwance ƙullin a bakin murhu. Ta ajiye a ranta.

Azumin da ya biyo bayan samun mulkin kai ya zo ne a ƙarshen sanyi, zafi ya fara kunno kai. Yaya yana da aikin wani soro da ya yi alkawarin gamawa kafin Sallah. Tun kwanakin farko azumin ya galabaitar da shi. Da la'asar sai ya sauko daga gini a dunƙule, fuskarsa ta yi fari. Liman da kansa ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce masa marar lafiya Allah ya ɗauke masa, ya sha ya rama daga baya. Yaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina kan katanga kowa yana ganina, in ce ba ni da lafiya?" A cikin wannan makon ne kuma aka aiko cewa mahaifiyar Asabe tana kwance. Asabe ta roƙe shi ya bar ta ta je ta duba ta, ya ce ta bari sai bayan Sallah, don ba mai yi masa irin abincin da cikinsa ke karɓa. Ta yi kuka, cikin ɓacin rai ta ce, "Ni dai Allah ya kawo ranar da zan fita daga gidan nan." Magana ce irin ta mata da miji, da safe sun manta. Inna ce ba ta manta ba.

Azumi ya shiga goman ƙarshe ranar da abin ya faru. Muna zaune a zaure ni da shi, ladan ya kira magariba. Ina kallonsa ya kurɓi ruwa, ya zaro ƙwaya uku daga aljihu ya watsa a baki, ya kunna sigari ya ja sau biyu, sannan ya ɗauki ƙwaryar kunun tsamiya da Asabe ta aiko. Bai kai ga shan rabi ba ya saki ƙwaryar. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙara ba. Ya faɗi gefe ɗaya, ya naɗe ƙafafu, yana cewa, "An soke ni, Garba, an soke ni da wuƙa!" Gumi ya wanke shi nan take. Na ɗaga rigarsa na taɓa cikin, na ji shi sandare kamar allo, ko yatsa ba ya shiga. Numfashi ma sama-sama yake yi don kada cikin ya motsa. Can sai ya ce kafaɗarsa ta dama ma ta ɗauka. Muka kinkime shi zuwa ɗaki, kowane taku yana roƙonmu mu tsaya.

Asabe ta tsaya a bakin ƙofa, ke Binta kina riƙe da zaninta, Sani yana goye. Ta ce, "Malam Garba, wannan ba irin wanda ya saba ba ne. A kai shi Rano wajen malamin asibiti."

Maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa ni yake kallo. An ce Likita yana gida, me za a je nema a Rano? Na buɗe akwatina a gabansu. Na ce kabar ciki ce, iska ce ta murɗe masa hanji saboda azumi, da zarar an wanke cikin zai tashi. Na dama gishirin wankin ciki a kofi na ɗura masa, na bi shi da ƙwaya biyu saboda zafin. Bayan sallar isha sai ciwon ya ɗan lafa, har ya yi magana ya tambayi ko an ɗaure jaki. Mutane suka watse suna sa mini albarka. Daga baya ne na ji cewa haka wannan ciwon yake yaudara: yakan yi sauƙi na ɗan lokaci, alhali ɓarnar tana yaɗuwa a ciki.

Da gari ya waye akwai motar gyaɗa da za ta tashi daga Kibiya ta bi ta Rano ta wuce birni. A wancan zamanin ba kullum ake samun mota ba. Ina zaure ina jin direban yana ta danna ham a bakin kasuwa. Sai ga Asabe ta fito har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba in akwai maza, ta durƙusa a gabana.

"Don girman Allah, Malam Garba, a sa shi a motar nan. Tun jiya bai yi bayan gida ba, bai yi fitsari ba. Cikin ɗagawa yake yi. Na kasa kunne a kai, shiru kamar ba hanji."

"Maganin bai gama aiki ba."

"In ya gama a mota fa? Me za a rasa?"

Inna ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Ke kike son a kai mini ɗa wajen masu yanka mutane? Wa ya taɓa shiga hannunsu ya dawo da ƙafarsa?"

Da na ce a tafi, da an tafi. Inna ba ta musu da ni a kan magani. Amma akwai mutum uku a zauren, waɗanda jiya suka sa mini albarka, kuma ga mace durƙushe tana nuna ta ga abin da ban gani ba. Na dube ta na ce, "Kin fi ni sanin magani ne?" Ta tashi ta koma ciki. Jim kaɗan na ji motar ta tashi. Na saurari ƙararta har ta ɓace.

Kafin la'asar cikinsa ya kumbura kamar ganga. Shaƙuwa ta kama shi ba ta saki, yana amai kore, idanunsa suka faɗa, hannuwansa suka yi sanyi alhali jikinsa zafi rau. Inna ta aika aka karɓo rubutu, ya kurɓa ya dawo da shi. Ni kuwa na zauna gaban akwatina ina jujjuya kwalabe, ba abin da na sani. Sai da aka sake kwana, da sassafe, muka ɗora shi a gadon kara, mu huɗu muka ɗauka a kafaɗa muka kama hanyar Rano. Asabe ta biyo mu har bakin gari, Inna ta aika aka komo da ita.

Malamin asibitin Rano dattijo ne, ya san ni a kasuwa, kuma ya sha yi mini faɗa a kan sayar da abin da ban sani ba. Ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya sa abin sauraro ya daɗe yana ji, ya kama hannunsa. Ya tambayi yaushe ya fara, na ce shekaranjiya da magariba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Shekaranjiya? Me kuka ba shi?"

"Ba komai, sai rubutu."

Ƙaryata ta farko ke nan. Yaya yana jina, idonsa biyu, bai ƙaryata ni ba. Dattijon ya yi masa allura, ya rubuta takarda, ya ce kada a ƙara ba shi ko ɗigon ruwa, wannan aikin wuƙa ne, ba a nan ba, sai birni, kuma yanzu-yanzu. Shi ya fita da kansa ya tsayar mana da wata babbar mota. Sauran suka koma Kibiya, ni na hau baya na rungume kan Yaya a cinyata a kan buhuna. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya damƙe hannuna, amma ya daina ƙara. Ƙarfin yin ta ya ƙare.

Mun isa babban asibiti rana ta yi sanyi. Ban ga an yi mana wasa ba. Suka ɗauki hoton ƙirjinsa, suka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki, wani ruwa mai duhu ya riƙa fitowa, suka ɗaura masa ƙarin ruwa a hannu. Likitan Bature ne mai furfura, tare da wani ma'aikacin jinya Bahaushe da ke yi masa tafinta. Ya ɗaga hoton ya nuna mini wani baƙin layi kamar jinjirin wata a ƙasan huhu, ya ce iska ce, ta fito daga inda bai kamata ta fito ba, alamar ciki ya huje. Ya ce sai an buɗe shi, kuma ba zai ɓoye mini ba, mun makara ƙwarai, amma in ba a buɗe ba babu ko shakka. Aka kawo takarda na sa hannu. Kafin su tura shi, Yaya ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"In ban tashi ba ka riƙe mini yaran."

"Za ka tashi, Yaya."

"Ka ce wa Asabe ta je ta ga uwarta. Ka ce na ce ta yi haƙuri, ni na hana ta."

Wannan saƙon ban isar ba. Yau ne karo na farko da ya fita daga bakina.

Washegari da hantsi likitan ya kira ni ofishinsa. Ya zana tumbi a takarda, ya ɗiga alƙalami a daidai inda abinci ke fita ya shiga hanji. Ta bakin tafinta ya ce a nan suka sami hujin, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce gyambon ciki ne, tsohon gyambo, gefensa har ya yi tauri, ya shekara da shekaru yana cin naman wurin a hankali har ya fasa. Da ya fasa, ruwan tsamin ciki da abinci suka malale cikin hanji, suka kwana biyu, wurin ya cika da mugunya. Sun ɗinke hujin, sun jawo tantanin kitsen da ke rufe hanji sun toshe bakin da shi, sun wanke cikin iya wankewa, sun bar roba tana tsiyayar da sauran. Ya ce ɗinkin ba shi ne abin tsoro ba, dafin da ya riga ya shiga jini shi ne. Sannan ya shiga tambaya. Yana shan taba? Na ce sosai. Yana daɗewa da yunwa? Na ce azumi yake, kuma ko ba azumi ba ya karyawa. Sai tafintan ya sa hannu a aljihun rigar Yaya da ke kan kujera, ya zaro ƙullin takarda, ya buɗe a kan tebur. Ƙwayoyina ne. Likitan ya ɗauki ɗaya ya girgiza kai. Ya ce wannan ga mai gyambon ciki kamar a zuba wa wuta kananzir ne, balle a ciki ba komai. Ya ce da an sami wanda ya hana shi ita da taba tun da ya fara ganin baƙin bayan gida, da wataƙila ba a zo nan ba.

"Wa yake ba shi?" in ji tafinta.

"A kasuwa yake samu."

Sai na yi tambayar da na san za a yi mini a gida. Na ce ko akwai alamar an ba shi wani abu ya ci, irin sammu. Tafintan ya juya maganar, likitan ya ce a'a da ƙarfi, har ya buga tebur da yatsa. Ya ce ba abin da mutum zai ci yau ya yi irin wannan gyambon yau. Ya ƙara da cewa masu irin wannan da ake kawowa a ranar da abin ya faru, ko washegari da safe, galibinsu suna komawa gida da ƙafarsu. Washegari da safe. Na ji ham ɗin motar gyaɗa a kunnena kamar a lokacin ake danna shi.

Kwana uku ya yi bayan aikin. Rana ta farko ya buɗe ido ya gane ni, ya nemi ruwa, aka ce sai dai a jiƙa masa leɓe da auduga. Rana ta biyu zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa kiran a miƙo masa ƙasa, katanga za ta bushe. Fitsarinsa ya ɗauke. Suna ta yi masa allura, suna sauya kwalaben ruwa. Rana ta uku da hantsi, ina jiƙa masa leɓe, na ga audugar ba ta motsa ba. Ba shi da kowa a birnin sai ni. Waɗansu bayin Allah masu jinyar 'yan'uwansu suka taya ni, muka yi masa sutura, muka kai shi maƙabartar da ko yau aka ce in nuna kabarin ba zan iya ba.

Na iso Kibiya ana saura kwana biyu Sallah, da rigarsa da hularsa a ƙunshe. Ƙullin ƙwayar kuwa na jefa shi a wani rafi a hanya. Labari ya riga ni isowa, gidan cike da mata. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, Asabe tana can gefe ita kaɗai, ba wadda ta zauna kusa da ita. Tun a nan na gane an riga an yanke hukunci kafin in zo. Na durƙusa gaban Inna na ajiye ƙunshin. Ta shafa hular, sannan ta ɗago.

"Garba, kai ka ji bakin Turawan. Me suka gani a cikin ɗana?"

Na ce, "Sun ce wani abu ne ya ci cikin har ya huda shi."

"Wani abu ya ci shi," in ji Inna, tana maimaitawa a hankali. "Abin da aka ba shi ya sha. Da idona na ga ana kwance ƙulli a bakin murhu. Da kunnena na ji an ce Allah ya kawo ranar fita daga gidan nan. To ga ranar ta zo."

Asabe ta miƙe tsaye. Ba Inna ta kalla ba, ni ta kalla. Ta ce, "Malam Garba, ka faɗa musu." Abin da ake bukata bai fi numfashi ɗaya ba: tsohon gyambo ne, likita ya ce ba sammu. Amma in na faɗi haka za a ce me ya kawo gyambon, me ya fasa shi, me ya sa aka makara. Kowace tambaya a ƙofata take ƙarewa. Na ga Inna ta rasa ɗa ɗaya, na ce wa raina ba zan sa ta rasa na biyun ba. Haka na yi wa tsorona ado. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ne masani." Na tashi na fita zaure karɓar gaisuwa.

Wata huɗu da kwana goma ta yi tana takaba a gidan nan, ba mai cin abin da ta dafa. In ta taɓa randa sai a zubar da ruwan. Inna ta janye ku zuwa ɗakinta, Sani ma da bai daɗe da barin nono ba. Mahaifiyarta ta rasu a cikin waɗannan watannin, ba ta gan ta ba. Ba a kai magana gaban alƙali ba, don ba shaida, kuma ba a bukata: gari ya riga ya gama shari'arsa. Ranar da ta fita takaba wanta ya zo daga Yalwa ya tafi da ita. Ya nemi a ba ta ko da Sani ne, Inna ta ce sai dai bayan ranta. Aka juyo gare ni a matsayin namijin gidan, na ce 'ya'yan Yaya amana ce a hannuna, shi ya ba ni da bakinsa. Wannan kam gaskiya ne. Rabin saƙon da ya yi mini daɗi na isar.

Kada ku ɗauka na bar sana'ar. Na ci gaba da ita shekaru masu yawa, da ita na ciyar da ku. Abin da ya sauya kawai, in mutum ya zo yana dafe da ƙahon zuciya ba na ba shi asfirin. Nakan ja shi gefe in ce ya bar taba, ya daina zama da yunwa, in ya ga baƙin bayan gida ko ciki ya sandare masa kada ya kwana, ya nufi asibiti. Mutanen da ban haɗa komai da su ba, su na gaya wa gaskiya. Inna ta rasu tana tsine wa Asabe. A lokacin ma da na iya magana, amma sai na ga kun girma a kan labarin, kuna ganina uban da ya cece ku, na kasa.

Sau ɗaya na sake ganin mahaifiyarku. A kasuwar Rano ne, shekarar da aka sa ranar aurenki, Binta. Ina tsugune gaban akwatina sai na ga ƙafafun mace sun tsaya ba su wuce ba. Ta rame, ta yi baƙi, har furfura ta fito mata, ita da ba ta kai ni shekaru ba. Na ji ta yi wani aure bai daɗe ba, don labarin ya bi ta har can. Ta gaishe ni da ladabi kamar ba komai, ta tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tsuguna daidai kunnena.

"Ba rigima na zo yi ba, Malam Garba. Ba zan faɗa wa kowa ba. Ni dai don raina nake tambaya. Garin nan da na riƙa zuba masa, na Innata, ko shi ne? Shekara goma sha wani abu ina tunani. Wataƙila bai dace da cikinsa ba, ni ban sani ba. In shi ne ka gaya mini, in san abin da zan roƙi Allah gafara a kai."

Ashe har ita an sa ta shakka. Ga mutane suna jira a ba su magani, wani yana cewa Likita a sallame ni. Na ce, "Asabe, abin da ya wuce ya wuce. Ki bar wa Allah." Ta dube ni, ta gyaɗa kai kamar wadda aka tabbatar wa abin da take tsoro. Ta kwance bakin zaninta ta ciro awarwaro biyu na azurfa, ta ajiye a kan akwatina, ta ce a ba amarya, in an ga ba za ta karɓa daga hannunta ba kada a ce daga ita ne. Ta tashi ta shiga cikin mutane. Bayan damina biyu aka aiko ta rasu. Na gaya muku a zaure, Sani ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, ke kuma Binta kika ce ba ki da uwa a Yalwa. Ba wanda ya je gaisuwa. Ni na koya muku wannan amsar, ko da ban taɓa furta ta ba.

Ban rubuta wannan don ku yafe mini ba. Wadda ke da hakkin yafewa ta tafi tana zaton ita ta kashe mijinta, kuma ba takardar da za ta kai mata labari. Binta, awarwaron da kika sa ranar da aka kai ki ɗaki, waɗanda na ce a birni na saya miki, har kika durƙusa kika yi mini godiya kina kuka, ba ni na saya ba. Na uwarki ne.